Injin Da Aka Ba Ni Don In Rubuta Littafi

Shekarar da soja suka tattara komatsansu suka koma bariki, ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata da ke wajen Gwale. A lokacin duk inda ka zauna a birni magana ɗaya ce, romon dimokuraɗiyya. Kowa ya wanke kwanonsa ya riƙe, yana jiran a zo kansa. Ni ma ban ce na fi ƙarfin romo ba, don wadda albashinta ke zuwa ranar da ya ga dama ba ta da bakin yanga. Sai dai buƙatata ba ta taka kara ta karya ba. Rikoda nake so mai ɗaukar magana, da 'yan kaset, in kuma an tausaya mini a taimaka da kuɗin ɗab'i ranar da na gama littafina.

Littafin labarin Gwaggo ne. Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama. Allah bai ba ta haihuwa ba, don haka da tsufa ya cim mata maigidana ya ce ta dawo wurinmu a Zaitawa. Ɗakin da ke daf da soro ta zaɓa, wai don ta riƙa ganin mai shiga da mai fita. Tana yarinya iyayenta suka ɗauke ta suka nufi Makka a ƙafa, suna tafiya suna tsayawa ƙwadago, har shekaru suka shuɗe a hanya. Da suka dawo Kano, ita da mahaifinta kaɗai aka gani. Kakanmu bai taɓa gaya wa kowa abin da ya sami matarsa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Ya sake aure, aka haifi su babana, magana ta lafa. Duk duniya mutum ɗaya ta rage da ta san inda matar nan ta kwanta dama, kuma tana zaune a gidana tana shan kunu da cokali.

Da ƙyar na shawo kanta ta fara ba ni labarin, ina rubutawa, in na je makaranta in yi masa kwaskwarima a lokacin da ba ni da aji. Amma Gwaggo tana da dokoki, kuma ba ta da majalisar da za ta gyara su. Ba ta magana sai bayan sallar asuba, in ta gama lazimi, kafin rana ta ɗaga. Da zarar hantsi ya yi, kanta ya ɗau caji, sai ta riƙa kirana da sunan mahaifiyata da ta daɗe da rasuwa. Ba ta maimaita abin da ta faɗa. Sannan ba ta tsallake gari.

"Gwaggo, don Allah ki fara ba ni ƙarshen, in ya so sai mu dawo baya."

"Ke 'yar nan, a jirgi na je? Wanda ya tafi da ƙafa ba ya tsallake gari. Yau muna ina?"

"Muna gonar auduga a ƙasar Sudan."

"To a nan muke sai an sallame mu."

Mun yi watanni a gonar audugar nan. Muryarta siririya ce, sai na kai kunnena kusa nake ji, kuma kafin in rubuta layi ɗaya ta faɗi uku. In na ce ta dawo baya sai ta ce, "Na faɗa," ta ci gaba. Akwai rediyon maigidana mai kaset a gidan, amma shi cin kaset ya iya, ka ba shi lafiyayye ya amayo maka shi kamar taliya. Tsoro nake ji, tsoro na gaske. Kullum na kai mata ruwan alwala sai na tsaya a bakin ƙofa na saurari numfashinta kafin in yi sallama.

Ana cikin haka wata Litinin firinsifal ta tara mu a ɗakin malamai. Ta ce sabon ɗan majalisar yankinmu ya kafa gidauniya don tallafa wa malaman sakandare masu rubutun ƙirƙira, masu labari da masu waƙa da masu wasan kwaikwayo. Duk mai sha'awa ya bayyana a gaban kwamiti. Ranar na gano ashe tun tuni cikin marubuta nake zaune ban sani ba. Malamin lissafi, wanda ko shirin darasi sai an yi masa barazana yake rubutawa, ya ce shi tun yana firamare yake waƙa, kunya ce ta hana shi faɗa. Malamar girke-girke ta tuna tana da wasan kwaikwayo a ka, saura zubawa a takarda. Mutum ɗaya na sani a cikinsu da ke rubutu da gaske, malamin tarihi, mai tsara waƙoƙi masu ƙafiya yana ɓoyewa a aljihun jamfa. Shi ne kuma bai ce uffan ba.

Kwamitin a wani babban soro yake zama wajen Shahuci. Shugabansa wani Alhaji ne, dillalin injuna da babura. A lokacin ban ga alaƙar sana'arsa da adabi ba, daga baya na gani. A gefensa akwai wata Hajiya, shugabar matan jam'iyya, da wani magatakarda da ke rubuta duk abin da Alhaji ya faɗa har da tari. Na durƙusa na gaishe su, aka nuna mini tabarma.

"Malama, me kike rubutawa?" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, labarin wata yarinya ce da ta je Makka a ƙafa."

"A ƙafa? Ikon Allah. Ba ta samu kujera ba ne?"

"Zamanin da ne, Alhaji, kafin a fara zuwa a jirgi."

"Kin ga amfanin farar hula ke nan. Da yanzu ne sai mu sa sunanta."

Ya yi dariya, kowa ya taya shi. Hajiya ta gyara mayafi ta tambaye ni ko akwai soyayya a ciki. Na ce babu. Ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa amaryar da ta manta gishiri.

"Mai girma ya fito a ciki?" Alhaji ya sake tambaya.

"Lokacin ba a haife shi ba, ranka ya daɗe."

"Ba komai, a sa shi a gabatarwa. Me kike buƙata?"

Na yi masa bayani dalla-dalla, tsohuwa, siririyar murya, rikoda, kaset. Ya gyaɗa kai har hularsa ta zame.

"An gama, Malama. Ki sa a ranki za ki samu abin da ya fi wannan."

Tun da nake jin alkawarin 'yan siyasa, wannan kaɗai na ga an cika ba ragi. Abin da na samu ya fi rikoda nesa ba kusa ba, in dai a sikeli za a auna.

Ranar rabo aka kafa rumfuna a wani fili, aka jera kujerun roba, maroƙi yana ta kai gwauro yana kai mari da lasifika. Ɗan majalisa ya iso bayan mun gasu. Ya ce shi masoyin karatu ne, ba ranar da ba a karanta masa jarida a mota. Sannan Alhaji ya karɓi magana. Ya ce kuɗi in ka ba malami, kafin la'asar sun zama cefane, don haka su abin da ido zai gani suke bayarwa, wanda zai sa marubuci ya dogara da kansa. Gaskiyarsa, kuɗi ba sa yin kyau a hoto. Aka yaye tamfol. Marubuta maza babura, marubuta mata injin markaɗe. Aka kira ni, aka ce in dafa nawa in yi murmushi, maroƙi yana cewa yau alƙalami ya samu gata.

Da aka watse na bi Hajiya har mota. Na ce mata ko kuskure aka yi, ni rikoda na roƙa.

"Rikoda ai ta jin waƙa ce, Malama. Wannan kuwa sana'a ce, 'ya'yanki ma sa gada."

"Hajiya, tsohuwar ba ta da lokaci."

"To ki riƙa dama mata kunu da abin da kika samu. Da hanau gara mannau. Ki gode wa Allah, wasu ko ledar shinkafa ba su gani ba."

Direba ya ɗaga gilashi.

Mota ba ta shiga lungunmu, don haka a kura aka turo injin daga bakin titi. Kafin ya iso ƙofar gida rabin unguwa na biye da shi. Mata suka yi ta shigowa barka har magariba, ba wadda ta tambayi littafi, don ba wadda ta san da shi. Da gida ya yi shiru na ce wa maigidana mu sayar da shi mu sayi rikoda, ragowar in ajiye ta ɗab'i. Ya zagaya injin ya nuna mini gefensa. An liƙa hoton ɗan majalisa, an kuma rubuta sunan gidauniya da fenti mai. Ya ce a lungun nan kaɗai akwai 'yan jam'iyya da za su kai labari kafin mai saye ya kai titi, kuma sayar da kyautar babban mutum daidai yake da ce masa bai isa ba. Washegari firinsifal ta ƙara mini karatu, ta ce akwai makarantun ƙauye da ke kukan rashin malaman Hausa, in kula.

To, na ce, sai in lulluɓe shi da buhu ya zauna. Nan ma na yi lissafi ban sa unguwa a ciki ba. A cikin birni, abin da ya shigo gidanka wanda jama'a za su amfana ya tashi daga naka kai kaɗai. Kamar rijiya ne, kai ka haƙa, amma ba ka isa ka sa mata kwaɗo ba. Injin da ya fi kusa da mu yana can hayin titi, kuma tsofaffi da masu goyo sun daɗe suna wahalar tsallaka shi. Asubar farko sai ga maƙwabciyarmu mai ƙosai da bokitin jiƙaƙƙen wake. Dattijuwa ce, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, kuma ita ta yi mini wankan jego a haihuwata ta fari ba ta karɓi ko sabulu ba. Ta ajiye bokiti ta ce, "Allah ya yanke mana wahala, Malama." Duk mai cewa da shi ne da ya ce mata a'a, ban san garin da ya taso ba. Na ɗaura zani na ja igiya.

Wurin da za a girka shi ma bai ba mu zaɓi ba. Soro na maigidana ne da baƙinsa. A tsakar gida kuwa wuri ɗaya ne ke da magudanar ruwa, jikin bangon ɗakin Gwaggo. Na roƙe ta ta koma ɗakin ƙurya, can nesa da ƙara.

"Yanzu da gidan ya yi jama'a za ku kai ni ƙurya? Na mutu ne?"

"Gwaggo, labarinmu fa. Da asuba za a riƙa tayar da shi. Ko in ce su bari sai da rana?"

"Mai ƙosai da rana take suya? Kada in ji kin kori kowa saboda ni. Haƙƙin maƙwabci ya fi tatsuniya."

Abin haushin, duk gidan ba wanda ya kai ta jin daɗin injin. Tana ɗage labule tana amsa gaisuwa, ta san wadda ta ƙara wake da wadda ta rage, ta san gidan da ake shirin suna tun kafin a aiko da goro. Ni ce dai nake cizon yatsa.

Injin na fetur ne, ba ruwansa da ɗauke wuta. Masu ƙosai da masu koko da masu waina duk kafin fitowar rana suke son nasu, wato daidai lokacin da kan Gwaggo yake garau. In ya tashi, bango rawa yake yi, kwanukan jere suna amsawa. Na gwada sa wata ta riƙe mini shi in zauna kusa da ita, kunnena a bakinta. Sai ta yi ƙoƙarin ɗaga murya, tari ya sarƙe ta, ta ɗaga hannu ta ce, "Bari a gama." In an gama kuwa rana ta fito, na makara, ita kuma ta fara kirana da sunan mahaifiyata. Asabar da Lahadi sun fi muni, ranakun markaɗen biki ne. Da yamma in na dawo, kayan miya na jirana a layi. Ɗalibaina suka fara atishawa in na mayar musu da takardun jarrabawa, saboda attaruhu. A unguwa sunana ya koma Malama mai inji, kuma har yau bai sauka ba.

Abin da ya cece mu ɗan kaɗan shi ne wahalar fetur. Ina jin ni kaɗai ce a Kano da ke murna in ta ga layi a gidan mai. Duk ranar da tanki ya bushe, ko bel ya tsinke bakanike bai zo ba, sai in ɗauki biro in faɗa ɗakin Gwaggo tun ba ta shafa addu'a ba. Da irin waɗannan ranakun muka rarrafa muka fita daga gonar auduga, muka bi ayarin raƙuma, har muka iso gaɓar Bahar Maliya. A can suka zauna jiran jirgin ruwa tare da wasu mutanen ƙasar Hausa. A can ne kuma Gwaggo ta ce, tana kallon bango, "Sai Innata ta fara tari." A nan muka tsaya ranar. Washegari fetur ya wadata.

Ban ce ni kaɗai aka tallafa wa ba. Malamin lissafi ya rera wa ɗan majalisa baiti huɗu ranar rabo, daga nan ya yi ritaya daga waƙa, ya ba ƙaninsa babur yana kawo masa balas. Malamin tarihi kuwa da kansa yake hawa nasa in an tashi daga makaranta. Wata rana ya ɗauko ni daga bakin asibiti bai gane ni ba sai da na yi magana. Na tambaye shi waƙa. Ya ce yanzu in baiti ya zo masa, kafin ya samu wurin tsayawa wani ya yi masa hon ya gudu. Ya ƙi karɓar kuɗina, ni kuma na ce ya aiko da markaɗensa. Haka marubutan gidauniya muka riƙa taimakon juna.

Gaskiya ɗaya ce, injin ne ya saya mini rikodar a ƙarshe. Tallafin ya iso, sai dai shi ma a ƙafa ya zo, bai tsallake gari ba. Ranar da na kawo ta, 'yar baƙa mai cin batir, na kai wa Gwaggo ta juya ta a hannu tana harararta.

"Wannan akwatin shi zai riƙe magana?"

"Shi zai riƙe, Gwaggo. Ko kin yi sauri ba ya gajiya."

"To gobe mu shiga jirgi."

Da asuba na sa sabon kaset, na ajiye rikodar a kan filo daf da bakinta. Ban gama zama ba na ji sallama a tsakar gida, bokitai na sauka. Na leƙa na ce su yi mini haƙuri kaɗan. Mai ƙosai ta ce ba komai, sai dai ta riga ta hura wuta, masu tafiya kasuwa kuma sun saba. Gwaggo ta ji.

"Je ki sallami mutane. Ni da akwatin ma ƙarasa."

"Gwaggo, yau ɗaya dai."

"Ba kin ce yana riƙewa ba? Tashi."

Na tashi. A raina na ce abin da ke daf da baki ai ba zai rasa ji ba, don mai sayarwar ya rantse mini ko raɗa tana ɗauka. Na danna, na fita, na ja igiya. Daga inda nake tsaye ina hango ta ta gefen labule. Bakinta na motsi ba tsayawa, tana nuni da hannu, can ta kai gefen mayafi ta share ido. Ban taɓa ganin Gwaggo tana kuka ba sai ranar. Ina tura wake ina jin daɗi, ina cewa yau dai na samu. Da na gama na shiga, na tarar ta jingina da bango, fuskarta ta yi fayau.

"Na sauke," ta ce. "Na kai ta inda na baro ta. Kada ki ƙara tambayata."

Da na dawo daga makaranta ko mayafi ban cire ba na mayar da kaset baya na kunna. Mai sayarwar bai yi ƙarya ba, rikodar tana da kunne. Ta ɗauki injin tsaf, kowane bugu, har da karkarwar bango da ƙarar kwanuka. A can ƙarƙashi akwai wani abu siriri da ke hawa yana sauka, ka san mutum ne, amma ba ka isa ka tsinci kalma ba. Na saurara daga farko har ƙarshe. Wuri ɗaya ne injin ya shaƙe ya mutu, na tuna ma, wani dutse ne ya biyo gero. A wannan ɗan shirun muryar Gwaggo ta fito tar: "...sai ta ce in riƙe mata takalmanta, kada su jiƙe..." Daga nan sai ƙarar igiya, sai muryata daga tsakar gida ina cewa, "Wa ke biye?"

Washegari na durƙusa a gabanta na gaya mata. 

"Na faɗa."

"Gwaggo, bai ɗauka ba. Ƙarar inji ce kawai."

"Kayan da na ɗauka tun ina yarinya, jiya na sauke, yau ki ce in sake ɗora shi a ka? Ki tambayi akwatinki."

Na ce zan bi ta a hankali. Na cire bel na ɓoye, na ce wa unguwa inji ya lalace, abin da da can na kasa yi. Gida ya yi tsit, ina zuwa da asuba in zauna da rikoda a cinya. Sai ta ba ni labarin farashin goro a zamanin da, da yadda ake rina zane, da wanda ya auri wa. In na karkato da ita wajen teku sai ta ɗauki carbi. Daga baya ma ta ce wai gidan ya yi mata shiru, yaushe bakanike zai zo. Na mayar da bel.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta tashi ba. Ta rasu da hantsi, tana riƙe da hannuna tana kirana da sunan mahaifiyata. Kwanakin zaman makoki ba wanda ya kawo markaɗe, unguwa ta san ya kamata. Asubar da na yi ta nema ta samu, shiru har kana jin kukan kurciya, ni kuma ina zaune a ɗakin da ba kowa. Ranar sadaka da injin aka markaɗa shinkafar waina, kowa ya yaba laushinta.

Da zaɓe ya sake matsowa, sai ga Alhaji shugaban kwamiti da mai hoto, suna zagayen waɗanda suka amfana. Maigidana ya shigo da su har tsakar gida. Alhaji ya yi mini ta'aziyya da aka gaya masa, sannan ya shafa injin kamar mai duba ɗan maraƙi.

"To Malama, ina littafi? Mai girma yana son ya ƙaddamar da shi da kansa."

Na ce ya ba ni minti ɗaya. Na shiga na ɗauko rikoda, na ajiye a kan turmi, na kunna masa kaset ɗin. Ya sunkuyar da kai yana sauraro da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Can ya ɗago fuska a sake ya dubi mai hoto.

"Masha Allah. Ka ji ƙara? Na gaya muku irin wannan ba ya ba da matsala."

Aka ce in tsaya a gefen injin in riƙe biro. Hoton ya fito a kalandar kamfe, a ƙasansa an rubuta marubuciya. Mai ƙosai ta liƙa nata a bango don alfahari da ni, kuma na san da zuciya ɗaya ta yi.

Yanzu na yi ritaya. Injin yana hannun marayun mai ƙosai, yana nan yana aiki, Alhaji ya san kayansa. Abokan rubutu da suka ga littafin suna ce mini ai ƙagaggen labari ne, in ƙago masa ƙarshe mana, wa zai kama ni. Na gwada. Na sa wa uwar Gwaggo zazzaɓi a cikin jirgi, na kifar da jirgin, na tsallakar da ita na binne ta a Jidda. Duk wanda na rubuta sai in yage, don ba a nan Gwaggo ta baro ta ba, kuma na sani. Kaset ɗin yana cikin akwatina. Nakan kunna shi wani lokaci bayan asuba, in bar ƙarar ta yi ta yi har a zo wurin da dutse ya biyo gero, in kashe kafin a ja igiya. Littafin kuma yana inda muka tsaya, yarinya a bakin ruwa, riƙe da takalman uwarta.